Katin Bana Ba Shi da Hoto

Mai girma shugaban wannan taro, babanmu Fasto, dattawan ikilisiya, iyayenmu na zumuntar mata, mawaƙa da matasa, baƙinmu da suka taso daga majami'un maƙwabta, 'yan'uwa maza da mata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama, da waɗanda suka share ɗakin nan suka jera benci tun da safe. Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai shagon buga takardu na bayan tasha. Shekara bakwai ke nan ina buga katin addu'ar da muke rabawa a irin wannan rana, domin 'yan'uwanmu Kirista da ake tsananta musu a ƙasashen duniya. Tun daga bakin ƙofa nake jin ƙorafi: katin bana ba hoto, ba suna, wai ko tawada ce ta ƙare mini. Tawada tana nan, jama'a. Dalilin ne ya tsayar da ni gabanku.

Na farko, abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa. Akwai wanda aka rufe wa majami'a, akwai wanda aka kora daga aiki, akwai wadda danginta suka daina cin abinci da ita a kwano ɗaya, akwai wanda ke tsare. Ba mu jin yarensu, ba sa jin namu, amma jiki ɗaya muke.

Na biyu shi ne mai nauyi. Kun san Kafinta, ga shi can a benci na uku, kuma da izininsa nake magana. Ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙasa inda aka hana taruwa a gida don sujada. Su tara suke haɗuwa a ɗakinta ranar hutunta, su rufe taga, su yi waƙa ƙasa-ƙasa. Bara ya zo shagona ya tura mini hotonta, ya ce, "Malam, ka sa ta a addu'a." A addu'a ya ce, bai ce a kati ba. To ni kun san halina, ba na son aiki ya bar hannuna babu ado. Na ƙara wa hoton haske, na sa sunanta da sunan asibitinta, na buga ɗari biyar a takarda mai ƙyalli. Har yabo na sha a nan wurin.

Matata kaɗai ta ce, "Baban yara, ka tambayi mai fuskar?" Na ce, "Ke dai bar sana'a ga mai ita."

Sai katin ya shiga waya. Wannan ya tura, wancan ya ƙara da "aika wa mutum goma", kowa da kyakkyawar niyya. Cikin wata huɗu ya isa ƙasar can, ya faɗa hannun da bai kamata ba. Hasken da na ƙara shi ya fito da abin da ke bayanta, gicciye a bango da littattafan waƙa a kan tebur. Har wurin aiki jami'an tsaro suka je suka tafi da ita, da farar rigarta a jiki. Garin neman gira na rasa wa mutane ido. Yau wata bakwai tana tsare, kuma ba a kama sauran takwas ɗin ba, domin ta ƙi faɗin sunayensu. Ita ta riƙe suna takwas a gaban masu tuhuma, ni na kasa riƙe ɗaya a shagona.

Na je gidan Kafinta na durƙusa. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa ya yi, "Tashi, Malam, ai ni na tura maka." Kunya ta kusa kashe ni.

Na uku, ranar Talata za a kai ta gaban alƙali. Lauyanta ya aiko cewa duk yawon da katin nan ya ƙara yi, hujja ce ga masu ƙara cewa wata ƙungiyar waje take wa aiki. Saboda haka kada kowa ya rufe ido don addu'a tukuna. Baba Fasto, a yi mini afuwa, yau ɗaya a bari a taɓa waya a majami'a. Ku fito da su, ku nemo hoton, ku goge. Wanda ya tura wa wani, ya kira shi kafin ya ci abincin rana. Wanda ya kawo katin bara ko yake da shi a gida, ga kwando a bakin ƙofa. Ni na buga, ni zan ƙona. Wanda muke roƙo ya san sunanta, ya san ɗakin da take.

Ubangiji ya ƙarfafa dukan masu shan tsanani saboda sunansa, ya juyo da zukatan masu tsananta musu. Ya rufa asirin mutanen nan takwas, ya tausasa zuciyar alƙali ranar Talata, ya ba Kafinta da iyalinsa haƙuri. Ya albarkaci wannan taro, ya mai da kowa gida lafiya. Ni kuma ku roƙa mini abu guda: Allah ya nuna mini ranar da zan nemi gafararta da bakina.

Na gode.