Tsohon Ɗan Sanda da Allurar Ketamin

A tashar bas ta birnin Kaohsiung, tsoho Kuang ya dafe ƙugu, ya rage murya, ya miƙa wa wata mai sayar da dafaffen ƙwai wata takarda.

"'Yar'uwa, ina asibitin da ake allurar ketamin? Ciwon baya ya hana ni barci, baƙin ciki ya hana ni ci."

"Ketamin? Abin 'yan shaye-shaye? Kawu, da furfurarka?"

"Likita ne ya rubuta mini! Ni da na shekara talatin ina ɗan sanda, ina kama 'yan iskan da ke shaƙarsa?"

Ta ninke takardar a hankali, ta mayar masa.

"Sannu, ranka ya daɗe. Ga asibitin can, hawa na uku. Ɗana ma baƙin cikin ne ya kai shi ga shaƙarsa, amma shi shekara biyu kuka rubuta masa a gidan yari."