Mai Farar Hula a Gefen Hoto

A shagon buga manyan hotuna, wata mata ta tsaya gaban teburin yanka. Mai yankan ya shimfiɗa hoton da aka buga mata a kan ƙyalle, ya danne shi da doguwar rula ta ƙarfe.

"Matso da wuƙar ciki, Malam. Wannan na gefen nake so ka cire min."

"Mai farar hular? Hajiya, hannunsa fa yana kan kafaɗar tsohuwar nan."

"Mahaifiyarmu ce, Allah ya jiƙanta. Shi kuma ƙanena ne. Wata bakwai tana jinya, ko leƙe bai yi ba."

"Allah ya yi mata rahama. To, in na yanke shi, hannun zai zauna. In na bi hannun, na taɓa kafaɗarta."

"Kar ka taɓa min ita!"

"Shi ya sa na tsaya. Wuƙar nan in ta wuce, ba gyara. Amma ƙyalle ba kamar takarda ba ne. In za mu ja shi a kan katako, sai mu naɗe gefen ya koma baya, mu buga ƙusa."

"Wato yana nan, ba a dai ganinsa."

"Yana nan, yana kallon bango. Ran da kika so, a zare ƙusa a dawo da shi."

Ta daɗe tana duban hannun.

"Hular ma ni na saya masa," in ji ta. "Ajiye wuƙar, naɗe shi. Amma ka kula, kar ƙusa ta hau masa fuska."