Ruwan Bangon Gidan Si Ammar

Kuɗin tafiyata maraƙi ne. Na kai shi kasuwar Kwanar Ɗangora, na haɗa da masarar da ta rage a rumbu, na ƙulle abin da aka samu a lalita. Bai taka kara ya karya ba. Auwalu, ajiye wayar nan. Kai ne ka ce sai ka tafi Aljeriya, to saurara, ni ba na maimaita magana.

Hanya ba zan ba ku labarinta ba. Wanda ya bi Sahara ya san ta, wanda bai bi ba ko an faɗa masa ba zai gane ba. Na yi leburanci a garuruwan kudu, aka ce can arewa an fi biya, na yi ta hawa har wani gari na kan tudu da ake kira Satif. Ku da kuke kuka da sanyin Doguwa ba ku san sanyi ba. Can ƙanƙara ke zubowa kamar ana sheƙar audugar rimi. Ka taɓa ruwan famfo da asuba, sai ka duba ko yatsunka suna nan.

Na samu gadi a gidan wani ɗan kasuwa, Si Ammar. Gadi, shara, wankin mota. Gidan bene ne hawa uku. Ɗakina yana ƙasa, bakin ƙofa. Tsohuwarsa tana can ƙololuwa, ba ta saukowa, sai dai ka ji tarinta.

Su ba sa hura gawayi a kasko. Akwai wata tukunyar gas, farar akwati ce rataye a bango, a ɗan ɗaki bayan kicin. Suna ce mata shodiya. Ita ke dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya zaga gidan, ya shiga waɗansu ƙarafa masu kama da haƙarƙarin sa da aka kafa a kowane ɗaki, ya ɗumama su, ya dawo tukunya. Ruwa ɗaya ne yake ta kewaye, ba a ɗiba, ba a sha. Ɗumin nan shi ne shofaj. Kada ku yi dariya, na daɗe ina ce masa shafa-jiki kafin mai dafa abinci ta gyara mini. Makullin ɗakin tukunyar a hannuna yake. Aikina da ita guda ne: in duba wani agogo mai allura a goshinta. In allura tana kan kore, lafiya. In ta sauko ja, in faɗa.

Har tsakiyar sanyi ba ta taɓa saukowa ba. Sai kakanku ya zo.

Baban uwarku nake nufi, Baba na Doguwa, Allah ya jiƙansa. Ba ku san ya je can ba? Ya je. Da jakarsa ta magunguna da turare, yana bin kasuwanni. 'Yan gida, mutanenmu da ke can, suka nuna masa inda nake. Na roƙi Si Ammar, ya ce baƙo ya kwana biyu ba laifi, amma kada a kunna wuta a ɗakin. Na ba Baba katifa, na koma tabarma. Kun san yadda ake da suruki. Ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci a gabansa. Ɗaki ɗaya muke, amma in zai ci sai in fita in tsaya cikin ƙanƙara har ya gama.

Ba a daɗe ba, wata safiya na iske allura a kan ja, tukunya ta yi tsit, wata jar fitila tana ƙifta ido. Kafin in kai ƙara, Si Ammar ya sauko da bargo a kafaɗa.

"Sale! Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba."

"Ɗakin uwata kamar kabari. An biya kuɗin gas, wuta tana nan. Me ka taɓa?"

Aka kira mai gyara. Mu fulamba muke cewa, su fulumbiye. Wani ɗan siriri ne mai taba a baki, ba ya amsa sallama. Ya duba gas, ya duba waya, ya murɗa abin da ke bangon falo wanda ake ƙara zafi da shi. Sannan ya buɗe wani ɗan famfo a ƙarƙashin tukunya, ruwa ya shiga, allura ta hau kore. Ya bi ɗakunan sama yana sassauta wani ƙusa a kunnen kowane ƙarfe, iska ta yi ta fita tana tsaki. Tukunya ta kama. Ya ce ruwa ne ya yi ƙasa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Ba a yi sati ba ta sake mutuwa.

Daga nan rayuwata ta koma gadin tukunya. Fulumbiye ya dawo ya ce injin tura ruwa ne, ya canza. Ta mutu. Ya ce wani jan tulu ne da ke cikinta ya huje, ya canza. Ta mutu. Kullum sama ce ke fara hucewa, wato ɗakin tsohuwa, tarinta kuwa sai ƙaruwa yake. Kullum kuma ni ake kira. Matar gidan ta daina amsa gaisuwata. Mai dafa abinci ta ce ta ji ana cewa ni nake kashe tukunyar don in sayar da gas. Gas ɗin da ke zuwa ta bututu daga ƙarƙashin ƙasa! A aljihu zan zuba shi? Si Ammar ya karɓe makulli ya rataye a wuyansa. Na ji daɗi, na ce yanzu za a ga gaskiya. Ta sake mutuwa, makulli yana wuyansa. Kuna tsammanin ya ba ni haƙuri? Cewa ya yi ina da wani makullin.

Fulumbiye ya ce saura abu ɗaya: bututu ya fashe a ƙarƙashin daɓe, sai an fasa falo. Daɓen nan na farin dutse ne, matar gidan ta fi son sa da 'ya'yanta. Si Ammar ya kira ni.

"Zan fasa falona. In na fasa ban ga ruwa ba, kai za ka kwana a titi."

Titi kuwa a wannan sanyin, ba takarda, ba ɗan'uwa, kun san ma'anarsa.

Ranar da na gano, da azahar ne. Yawanci lokacin ina wankin mota, amma na koma ɗaki ɗauko safar hannu. Na yi sallama na shiga, sai ga Baba a tsugune gaban ƙarfen ɗakinmu da buta. Ashe namu shi ne na ƙarshe a ƙasa, a gindinsa akwai ɗan famfon da ake tsiyaye ruwan gidan in za a yi gyara. Baba ya kama shi da awartakin da yake fasa saiwa, ya murɗe, ruwa yana zuba a buta, tururi na tashi.

Ya ɗago yana murmushi. "Malam Sale, ka ga ikon Allah? Larabawan nan sun san darajar salla. Ruwan alwala mai ɗumi a jikin bango, kai kuma kana ta wanke hannu da ƙanƙara. Da farko baƙi yake fitowa, sai na bar shi ya kwanta. Yanzu kuwa ya washe tas."

Yaya ba zai washe ba, fulumbiye yana ta zuba masa sabo? Salla biyar, buta biyar. Ranar Juma'a har da bokitin wanka.

Na tsaya kaina a ƙasa. Auwalu, kana cewa me ya hana ni faɗa masa? Ka yi aure tukuna. Mutumin da ya ɗauki 'yarsa ya ba ni, ko sadakin kirki ban biya ba, shi zan duba in ce Baba kai ne ka hana gidan mutane barci? Bakina bai iya ba.

Na bi ta bayan gida. Na roƙi mai dafa abinci ruwan zafi, na kawo masa a buta. Ya ce, "Ka daina wahalar da kanka, ga shi nan a bango." Na ɗaure famfon da waya. Ya kwance, ya ce wani mugu ne ya ɗaure. Na ce, "Baba, na ji kamar ruwan nan yana warin ƙarfe, ko ya halatta?" Ya ce ya gama karatun tsarki tun ba a yaye ni ba. Na ce to. Na yi niyyar in je kasuwa in samu wani dattijo ɗan Tudun Wada, sa'ansa, ya faɗa masa, don babba da babba magana ba ta ciwo. Ban kai ga zuwa ba.

Washegari fulumbiye ya zo da guduma da kurfi. Har ya tsuguna a falo, matar gida tana kuka, sai ya tuna bai taɓa shiga ɗakin mai gadi ba. Ɗakin mai gadi ai ba ɗaki ba ne a wurinsu. Suka shigo shi da Si Ammar. Ga tsatsa ta yi layi a ƙasa, ga shatin awartaki a jikin famfo, ga buta a gefe tana tururi. Baba yana zaune da carbi, ya miƙe yana yi musu maraba. Ba ya jin Larabcinsu ko kalma ɗaya.

Fulumbiye ya yi dariya har taba ta faɗi. Si Ammar bai yi ba.

"Wa ke ɗibar ruwan nan?"

Ya juyo gare ni.

"Sale, na san hannunka, kai da ruwan sanyi kake alwala, ina ganinka ta taga. In tsohon nan ne, faɗa mini. Shi ya fita yau, kai ka zauna."

Baba ya taɓa ni. "Me yake cewa? Ka ce masa mun gode da ruwa."

Na ce da Si Ammar, "Ni ne."

Ya kalle ni. Ya san ƙarya nake, ni ma na san ya sani. Ya ce kuɗin inji da na jan tulu a albashina za su fita, in kwashe kayana kafin la'asar.

Da suka fita Baba ya sake tambaya. Na ce, "Ya ce aiki ya ƙare."

"Haka kawai? Ko wani abin ka yi musu?"

"Haka kawai, Baba."

Fulumbiye ya ƙara ruwa, ya toshe famfon da wani murfi. Muna fita da kaya na ji tukunya ta kama, bututu yana ƙara har sama. Na ji daga baya ba ta sake mutuwa ba, tsohuwa kuma ta ga bazara.

Mun yi kwanaki a wani kangon gini tare da 'yan gida, muna ƙona katako a gwangwani. Ƙirjin Baba ya fara ƙara, na ga in na bar shi nan a nan za a binne shi. Abin da ya rage mini ya tafi a kuɗin mota. Na sauka a Kwanar Ɗangora da kwat ɗaya da tsoho ɗaya. Maraƙi bai dawo ba har yau.

Da mutane suka zo yi mana barka da zuwa, ina zaune a bakin zaure na ji Baba yana ba su labari. Ya ce ƙasar Larabawa ƙasa ce, ruwan alwala daga bango yake fitowa da ɗuminsa. Wani ya tambaya me ya dawo da mu da wuri. Ya rage murya ya ce, "Yaron kirki ne, sai dai bai iya riƙe aiki ba."

Haka ya yi ta faɗa har ya koma ga Allah, uwarku kuma ta yarda, don ubanta ba ya ƙarya. Har gobe in muka yi faɗa sai ta tuna mini. Ku bar ta a haka. Wanda ya kai mata wannan labarin, ni da shi ne.

Tashi ka ɗora mini ruwa, Auwalu, an kusa kiran salla. A tukunya, ba a bango ba.