Zazzaɓin Kwamfutar Aiki

A shagon gyaran kwamfuta na ji su: wani saurayi rungume da laftof, da dattijon da ya kawo firinta.

"Samari, taka me ya same ta?"

"Ni na same ta, Baba. Sabon tsarin tafiyar da kwamfuta na ɗora mata, wanda ba a gama gwajinsa ba. Masu shi sun gargaɗe mu kada a sa a kwamfutar aiki. Na karanta, na ce da jahilai suke."

"To, malam mai ilimi, sai aka yi yaya?"

"Allo ya yi kyau kamar amarya, amma abin da nake rubuta manhaja da shi ya ƙi buɗewa. Ga shi gobe zan miƙa manhajar wani kantin magani."

"Ka gaya wa mai kantin?"

"Ba mu taɓa haɗuwa ba, saƙo muke yi. Na ce zazzaɓi ya kwantar da ni. Ai ba ƙarya ce zalla ba, tunda kwamfutar na kwance."

Dattijon ya laluba aljihu, ya fito da ƙullin magani.

"Ungo. Tun safe da na ga saƙonka na ɗaure maka a kantina, na rasa ɗan aike. Ka ba ta biyu bayan ta ci abinci."