Baba Da-Saura da Rezarsa

Shugaban wannan zama, manajan gidan ɗab'inmu, dattawan unguwa, Yaya matar marigayi, 'ya'yansa da surukansa da jikokinsa, abokan aiki na da da na yanzu, assalamu alaikum. Allah Ya ba mu ladan wannan taruwa.

An ce ni zan yi magana saboda na fi kowa daɗewa da shi. Shekara talatin da ɗaya muka yi a ɗaki ɗaya, ni ina haɗa shafuka, shi yana kan injin yankan takarda. Yaya ta kuma ja mini kunne, ta ce kada in sa mutane kuka, an yi kukan ya isa. To, zan gwada.

Ya kasance gwanin wuƙa. Duk wanda ya yi aiki da mu ya san haka. Daga bakin ƙofa yake jin ƙarar injin ya ce, "Ku tsaya, wuƙar nan ta dakushe." A duba gefen takarda, sai a ga ya fara gashi-gashi. Bai taɓa barin littafin yaran makaranta ya fita da gefe a tsattsage ba. Manaja yana nan, sau nawa suka yi ta ja a kan sauya wuƙa, kuma sau nawa shi manajan ya ci? Ga shi can yana girgiza kai.

Amma mutumin nan da ba ya yi wa wuƙar inji uzuri, shi ne zai yi wata biyu da reza ɗaya a gida. Kullum da safe sai ya aske fuskarsa tas, kuma kullum sai ya iso aiki da ɗan guntun takarda manne a haɓa inda ta yanke shi. Mukan zauna lokacin hutu muna gardama a kan yaushe ake sauya reza. Manaja ya ce aski biyar, a jefar. Direbanmu ya ce shi da ya ji ta fara jan gashi, shi ke nan. Aka tambayi marigayi, ya ce, "Reza ba ta karanta kalanda. In na goga ta a cikin kofin gilashi, sai ta dawo budurwa." In ka ce masa ta mutu, ya ce, "Da saura." Daga nan sunan ya bi shi, har jikokinsa ba su san wani suna ba sai Baba Da-Saura.

Yaya, ki yafe mini, zan tona. Wata rana ta gaji da ganin jini a tawul, ta faki idonsa ta cire tsohuwar ta sa sabuwa. Shi kuwa ya saba dannawa da ƙarfi kamar mai kankare tukunya. Ran nan da takarda huɗu a fuska ya zo aiki. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "An yi mini juyin mulki a gida." Kwana uku yana neman inda ta jefar da tsohuwar.

Ya kasance mai taurin kai, ba za mu ɓoye ba. Amma ku ji inda taurin kan nan ya yi mini rana.

Shekara takwas da suka wuce ɓarin jikina na dama ya shanye. Bakina ya karkace, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Na sa aka juya madubi ya kalli bango. Na hana baƙi shigowa, na daina zuwa wurin likitan motsa jiki, gemu ya cika mini fuska kamar ciyawar bayan gida. Iyalina sun yi lallashi sun gaji. Gaskiya, na riga na sallama kaina.

Wata Asabar da hantsi na ji ana gardama a tsakar gida. Matata tana cewa, "Ya ce ba ya son ganin kowa." Sai na ji muryar marigayi ya ce mata, "Ai ba ganinsa na zo yi ba. Gemun na zo gani." Ya shigo da kwano da sabulu da buroshi da tawul a kafaɗa, ya ja kujera. Na juya fuska. Ya ce, "Yauwa, dama ta wannan gefen zan fara."

Da ƙyar bakina ya haɗa magana. Na ce, "Da wace reza?"

Ya yi dariya har kumfa ta zube masa a wando. Ya ce, "Ashe bakin na aiki in tsoro ya zo." Sai ya ciro sabuwa dal a takardarta, ya buɗe ta a gabana. Ya ce, "Fuskata tawa ce, in na ga dama in wahalar da ita. Taka amana ce."

Ya aske ni a hankali, yana riƙe da kuncina da ya saki, ko ƙwarzane babu. Da ya gama ya juyo da madubin. Na ga bakin yana nan a karkace, amma mutumin da ke ciki na san shi. Ya ce, "To, ba zan yi wannan aikin don bango ya kalla ba. Litinin zan zo mu je wurin likita." Muka je. Ga ni yau a tsaye ina magana a gabanku.

Daga kaina abin ya yaɗu. Aka ce akwai wani tsohon tela da ido ya daina gani, akwai tsohon mai gadi da hannunsa ke rawa. Kafin shekara sun kai bakwai. Kowace Asabar ya ɗaure jakarsa a bayan keke, gida-gida, kowa da sabuwar rezarsa, ba ya haɗa mutum biyu da guda. Rezojin da ya gama da su ya zuba a gwangwanin madara, in ya cika ya daddake bakin da guduma, don kada su yanki masu kwasar shara.

Ya kasance mai jin maganar ƙanana fiye da ta manya. Abin da mu muka kasa a shekara talatin, jikarsa 'yar shekara huɗu ta yi shi a minti ɗaya. Ya ɗauke ta zai manna ta a kumatu, ta ture shi ta ce, "Ni na fasa aurenka, fuskarka duk ciwo." Washegari ya tambaye ni a ɓoye, "Wai aski nawa manaja ya ce?" Tun daga ranar ba mu ƙara ganin takarda a haɓarsa ba.

Yaya, kin yi haƙuri da shi shekara arba'in, ki ƙara na rashinsa. 'Ya'yanmu, ubanku bai bar muku abin kunya ba ko ɗaya. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe junanku.

Saura magana guda. Cikin dattawan nan bakwai, huɗu suna zaune a layin gaba. Ku dube su, mako shida rabonsu da aski. Mu ma'aikatan gidan ɗab'i mun zauna mun raba Asabar-Asabar a tsakaninmu. Babban ɗan marigayi ya ce shi zai fara, jibi. Ni hannun dama bai yarda da reza ba har yanzu, amma na hagu yana iya riƙe kwano. Baba tela, ka shirya, da kai za mu fara.

Mun gode wa duk wanda ya taso ya zo, da waɗanda suka yi jinya, da waɗanda suka tsaya da iyali. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya tausaya masa kamar yadda ya tausaya wa bayinSa. Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.