Na Sayar da Rijiyar Mahaifina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanku da aiki, ku da masu sauraro.

Sunana Sani, ma'aikacin masaƙa a Sharaɗa, kafin a rufe kamfanin bara a sallame mu. Muna da gida a ƙauyenmu, gaba da Panshekara, ba kowa a cikinsa tun rasuwar iyayenmu. Yanzu kuwa dillalai sun yi wa ƙauyukan nan caa, duk kangon da suka gani sai sun nemi mai shi, wai gari na tahowa. Suka dame ni da sintiri, ga iyali, ba aiki. Ni da ƙannena muka sayar.

Wallahi ban tuna da rijiyar tsakar gida ba. Mahaifinmu ne ya haƙa ta, kuma bai taɓa sa wa zaure ƙyaure ba, don maƙwabta su riƙa ɗiba.

Ranar Juma'a na je ta'aziyya ƙauyen, na tarar an zagaye gidan da bulo, an garƙame da kwaɗo. Sai ga Inna Ladi, tsohuwar maƙwabciyarmu, ta taho daga rafi da bokiti a ka, tana haki. Ta ce, "Sani, duk gugan da na ja a rijiyar nan sai na yi wa Malam mahaifinku addu'a. Kai ka yanke masa."

Tun ranar abinci ba ya shiga.

Don Allah malamai ku ba ni shawara. Ni na zaci kango na sayar, ashe har da ladan mahaifina. Ta yaya zan mayar masa?