Ni Na Riƙe Gorar Eriya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Modu ne daga Gashuwa.

Makon da ya gabata na ji hirarku da abokina Bukar, wai muryarsa aka fara ji lokacin da muka gwada watsa shirin rediyo a tsohon siton gyaɗa na Nguru. Haka ne, amma ƙuri'a muka yi ta faɗa kansa. Yana inuwa yana ta "Kuna ji na?", ni ina kan kwano cikin rana, riƙe da gorar eriya har hannuna ya yi bororo. Ko sunana bai ambata ba! Da na yi ƙorafi, uwargidana ma cewa ta yi in yi shiru, Bukar na magana.

Don Allah ku tambayar min shi: da na saki gorar nan, wa zai ji shi?